Kek ɗin biki ba tare da tatike aljihu ba

'Yan uwa, ba kek ɗin ne ke cin kuɗi ba, kwalliyar ce. Fondan (wato kwaɓin sukarin nan da ake lulluɓe kek da shi) da hawa-hawa su ke tsawwala farashi, alhali yawancin baƙi ɓare fondan ɗin suke yi su bar shi a gefen faranti. Ku sayi ɗan ƙarami mai kyau don hoto da yankawa, sannan ku gasa babba a faffaɗan tire a gida, a yayyanka a raba. Ba mai tambaya.

Wajen kwaɓi, man girki ya fi bota araha, kuma kek ɗin ya fi daɗewa da taushi. Wuta digiri 180 na Celsius, kada a buɗe obin kafin minti 20, in an buɗe tsakiyar kek ɗin za ta lotsa. A bari ya huce sarai kafin a shafa kirim, in ba haka ba narkewa zai yi.