Yadda za ka sa giyabos ta daɗe a ƙaramar mota mai babban inji

A Ingila akwai motocin da ake sayar wa mutum gunduwa-gunduwa ya harhaɗa a gidansa, irin su Caterham, wadda ta samo asali daga Lotus Seven ta 1957. Nauyinsu bai wuce kilo 500 zuwa 600 ba, ana ɗora musu inji mai ƙarfin gaske, kuma da yawansu giyabos ɗin Ford Sierra mai lamba biyar suka yi amfani da ita shekara da shekaru. Abin da ke cetonta shi ne rashin nauyi: idan direba ya danna totur da ƙarfi, taya ce ke sulɓewa a kan titi kafin haƙoran giya su ji jiki. Golf 3 ɗin da ke jigila tsakanin ƙauyukanmu da kasuwar Wudil ko Maigatari ita ma ƙaramar mota ce, tan ɗaya da 'yan kai, amma da zarar an jibga mata buhu biyar na gero da fasinja bakwai, ta tashi daga sahun marasa nauyi. Taya ta daina sulɓewa, duk ƙarfin injin ya koma kan giyabos. Wanda ya cire injin 1.8 ya sa wanda ya fi shi don ya ja lodi, to ya fara lissafi daga nan.

Ba ƙarfin doki ke karya giya ba, ƙarfin murɗawa ne, wanda ake aunawa da Newton-mita, wato Nm. Injin 1.8 mai doki 90 yana ba da Nm 145. Na 2.0 mai bawul takwas yana ba da 166. Dizal 1.9 TDI, duk da shi ma dokinsa 90 ne, yana ba da 202, kuma tun inji bai ɗau zafin gudu ba. VR6, injin fetur mai silinda shida, kuwa 235. Sannan giya tana ninka wannan ƙarfi. A lamba ɗaya ninkin ya kai kusan 3.45, difaransha, wato haƙoran da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba biyu, ta sake ninkawa da kamar 3.67, wato sau goma sha biyu da ɗoriya. Nm 166 na injin 2.0 ya zama sama da 2,000 ke nan a kan babban haƙorin difaransha lokacin tashi.

Kafin ka sayi inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, leƙa ka ga wace giyabos ce a motarka. Wadda ake kira 020 ita ce a yawancin Golf 2 da Golf 3 masu injin 1.8 da 2.0 mai bawul takwas. Za ka gane ta da sandunan ƙarfe da ke haɗa ta da hannun giya, da wani murfi zagayayye, galibi kore, a ƙarshenta ta ɓangaren tayar hagu. Kulocinta bai wuce milimita 210 ba. Wadda ta fi ta ƙwari ita ce 02A: wayoyi biyu ke canza mata giya, kulocinta milimita 228, kuma ita kamfanin Volkswagen ya haɗa da TDI da 16V (mai bawul goma sha shida) da VR6. Har zuwa injin 2.0 mai bawul takwas, 020 za ta ɗauka idan an kula da ita. Daga TDI zuwa sama, a sayi 02A tare da injin, kuma a sayo ta da kayanta cif: fulawil, kuloci, kik, hannun giya da wayoyinsa, ƙarfen da take zama a kai, da famfunan kuloci na sama da na ƙasa. A lura, bakin 02A ta VR6 ba ya hawa kan inji mai silinda huɗu.

Babban raunin 020 yana cikin difaransha. Babban haƙorin nan ba da noti aka ɗaure shi ba, ribit takwas ne, wato ƙusoshin da ake daddale kansu, ke riƙe da shi. Duk fizgar da aka yi wa mota, ribit ɗin nan ke sha. A hankali su saki, kan ɗaya ya gutsure, haƙori ya kwashe shi ya dinga gurzar kwanson giyabos daga ciki har ya huda shi. Abin da direba zai fara gani shi ne man giya yana ɗiga daga wajen kuloci, ko kuloci ya fara sulɓi saboda mai ya jiƙa shi, wani lokaci da ƙara ƙas-ƙas da ke bin gudun taya. Idan aka kai nan, kwanso ya riga ya tafi.

Maganinsa a yi riga-kafi tun giyabos tana ƙasa, kafin a ɗora ta. A buɗe ta, a fito da difaransha, a huda kan kowane ribit da dirili a fitar da shi ba tare da an faɗaɗa ramin ba. A wanke fuskar haƙorin da mazauninsa tas. A ɗumama haƙorin zuwa kamar digiri 100, zafin tafasasshen ruwa, don ya zauna ba duka. Kada a sa masa wutar walda, tana kashe taurin ƙarfen. Sai a ɗaure da notunan da aka yi musamman don wannan aiki, a shafa musu gam ɗin noti, a bi su ɗaya nan ɗaya can daura da shi, da sifana mai awo, gwargwadon adadin da ke takardar da ta zo da su. Notin kasuwa na gama-gari ba ya yi: jikinsa ba ya cika ramin, kansa kuma yana iya taɓa kwanso. Idan an canza boris ɗin difaransha, dole a sake auna siraran washa da ke bayansa. Ya yi sako-sako, haƙora su ci juna a karkace; ya matse da yawa, boris ya ƙone. Wannan aikin na bakaniken giya ne mai kayan awo, ba na gefen tasha ba. Ita ma 02A ribit gare ta, don haka in an buɗe ta a yi mata hakan.

Sai mai, wanda ya fi kashe giyabos a karkara fiye da kowane inji. Lita 2 take sha, 75W-90 mai alamar GL-4. Baƙin man inji ba man giya ba ne, haka kuma mai kaurin nan 140 da ake zuba wa aksul ɗin manyan motoci, wanda da sanyin safiya a lokacin hunturu ba ya kaiwa cikin ƙananan boris. Mai alamar GL-5 zalla an yi shi ne don aksul, kuma ba ya shiri da zoben tagullar da ke daidaita giya kafin ta shiga. Idan zoben ya cinye, lamba biyu ce ke fara ƙara. Notin juyewa da na zubawa duka da alanki mai lamba 17 ake kwance su. Fara kwance na zubawa, don kada ka juye mai sannan ka tarar na saman ya ƙi motsi. A tsofaffin 020 na Golf 2, ramin zubawa ya yi ƙasa, mai yakan fara dawowa tun an zuba lita ɗaya da rabi, sai a ƙarasa ragowar rabin ta ramin wayar agogon gudu. Wannan rabin litar ba abin wasa ba ce, domin lamba biyar tana can ƙurya a ƙarshen kwanso, ita mai ke fara yankewa. Mota ta fara kuka a lamba biyar ko tana tofar da ita a kan hanyar Haɗeja, tsaya ka duba mai a ranar.

Tara tsohon man a farin kwano ka kai shi rana. Ƙyalli launin zinare, zoben tagulla ne ke cinyewa. Baƙin gari mai laushi kaɗan ba komai. Gutsuren ƙarfe da za ka ji a yatsa kuwa, a sauke giyabos. Idan man ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga ta hancin numfashinta na sama, abin da ke faruwa idan an ratsa kwari da damina. Motar haya da ke bin burji, a canza mata mai duk shekara bayan ɗaukewar ruwa, a kuma duba sil ɗin bakin shaf biyu duk lokacin da aka canza baƙin mai.

Kada a sa kuloci mai kamun tsiya, kuma kada a yarda a walde sifirin ɗin tsakiyar faranti don sun fara ƙara. Su ne ke shanye fizga kafin ta isa haƙora, kuma farantin kuloci ya fi giyabos arha nesa ba kusa ba. Robobin da inji da giyabos ke zaune a kansu in sun tsage, inji yana tsalle duk tashi, a canza su tare. Tayoyin gaba su zama girma ɗaya, iska ɗaya, in ba haka ba ƙananan haƙoran difaransha ba sa hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Ƙara girman taya fiye da 175/70 R13 ko 185/60 R14 da motar ta zo da su yana ƙara wa lamba ɗaya da kuloci wahala.

Ragowar yana ƙafar direba. Da lodi, a tashi a lamba ɗaya, a saki kuloci gaba ɗaya sannan a ba ta wuta. Kada a ja dizal a lamba biyar inji yana kakkarwa, a sauko huɗu. Ribas ɗin 020 ba shi da zoben daidaitawa, sai mota ta tsaya cak, a taka kuloci a ɗan jira daƙiƙa biyu kafin a sa. Tura mota mai lodi a tashe ta da giya fizga ce kai tsaye a kan ribit, a gyara batir da kik. Mafi muni shi ne kafewa a yashi. Taya ɗaya tana tsaye, ɗayar tana juyawa ninki biyu, ƙananan haƙoran difaransha suna gudu a kan sandarsu ba isasshen mai, sannan tayar ta cafki ƙasa mai tauri farat ɗaya. In ta kafe, a ɗaga ƙafa daga totur, fasinja su sauka, a sauke buhu biyu ko uku, a haƙe gaban tayoyin a shimfiɗa kara, a ɗan rage iskar tayoyin gaba, a fita a hankali ana turawa, sannan a mayar da iskar a wurin mai faci na farko.