Yadda ake shirya tafiyar kwana da keke a damina, daga Accra ko Kumasi

Wanda zai ɗaura kaya a keke ya kwana a hanya tsakanin Maris da Yuli, abu biyu zai fara tambaya kafin ya ƙirga kilomita: wace irin ƙasa taya za ta taka, kuma ƙarfe nawa hadari ya saba haɗowa. Kilomita 40 ɗin da ake cinyewa kafin azahar a watan Janairu tana iya cin yini guda a watan Yuni, rabinsa kuma turin keke ne.

Kudancin Ghana damina biyu gare shi. Babbar tana somawa wajen ƙarshen Maris ko Afrilu, ta yi ƙarfi a Mayu da Yuni, ta lafa a tsakiyar Yuli. Agusta sanyi-sanyi ne da ƙarancin ruwa, sannan ƙaramar damina ta biyo daga Satumba zuwa Nuwamba. Kumasi ta fi Accra ruwa nesa ba kusa ba: tana samun kusan milimita 1,400 a shekara, Accra kuwa wajen 800. Ruwan farkon damina da na Yuni ba halinsu ɗaya ba. Na Maris zuwa Mayu yawanci da iska da tsawa yake zuwa, sau da yawa daga gabas, ya zuba da ƙarfi na awa ɗaya ko biyu ya wuce, rana ta fito. Na Yuni kan wuni yana yayyafi, ƙasa ba ta samun sararin shanyewa. Saboda haka wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba, Afrilu ko farkon Mayu ya fi masa, ko kuma ya yi haƙuri har Agusta.

Tsarin yini shi ne a tashi da an idar da sallar asuba. Gari na wayewa wajen ƙarfe 6 saura, rana na faɗuwa jim kaɗan bayan 6 na yamma, kuma duhu ba ya jira. A yi lissafin cewa ƙarfe 2 na rana an isa masauki. A duba hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ghana da daddare, a sake dubawa da safe, sannan a tambayi masu babur na garin da za a bi ko an yi ruwa jiya. Su ne suka san kwalbatin da ya cika da gadar da ruwa ya shafe.

Ƙasar da za a taka

Nan ne mafi yawan tafiye-tafiye ke lalacewa. Jar ƙasa mai tsakuwa, irin ta hanyoyin ƙauyukan Akuapem da Asante, tana shanye ruwa da wuri. Awa kaɗan bayan an ɗauke ana iya binta, sai dai a kula da zaizayar da ruwa ya yanka a gangare. Jar ƙasa marar tsakuwa kuma santsi take yi, tayar gaba ta zame ba gargaɗi. Mafi sharri ita ce baƙar laka ta filayen Accra, can wajen Akuse da Asutsuare. Idan ta jiƙa tana kama taya kamar tuwon da ya kwana a tukunya, ta taru tsakanin taya da ƙarfen keke har tayar ta daina juyawa. Mai hawa ya ji nauyi ya ƙara danna feda, sarƙa ta ja ƙarfen canjin giya na baya cikin wayoyin taya, ya karye. A nan tafiya ta ƙare. Da ka ji taya ta fara nauyi, ka sauka, ka samu tsinke ka kankare, in kuma ta sake taruwa cikin 'yan taku, ka juya. Irin wannan ƙasa a ba ta kwana biyu na rana kafin a shiga.

Hanyar cikin gonakin koko da kurmi ita ma ba ta bushewa da wuri, don inuwa ba ta barin rana ta kai ƙasa. Saiwoyi da ganyen da suka ruɓe suna da santsi. Kuma hanyar nan ta manoma ce. In ka bi ta tana jiƙe ka bar musu kwari, ruwan gobe ya bi sawunka ya zurfafa shi.

Don haka kowace rana a tsara mata hanya biyu, ta ƙasa da ta kwalta, a kuma san inda suke haɗuwa.

Daga Accra, zagayen da ya dace da kwana ɗaya shi ne na tsaunukan Akuapem. A tashi daga Madina, a bi Adenta da Oyarifa zuwa Ayi Mensah, inda hawa ke farawa, a wuce Peduase a kai Aburi, garin da ke da lambun tsirran nan da aka buɗe a 1890. Daga nan kan tudu ake bi ta Mampong zuwa Mamfe, a kwana. Washegari a gangaro ta Larteh zuwa Ayikuma, a biyo Dodowa a dawo Adenta. Kowace rana ba ta kai kilomita 50 ba, kwalta na kusa ko'ina, tirotiro (ƙaramar bas ta haya) kuma ba ya yankewa idan keke ya ƙi. Gangaren Larteh yana da tsayi da kwana-kwana, kada a sauke shi ana tsaka da ruwa. A cikin Accra kanta, ranar da aka kwana ana ruwa a guji unguwannin Circle da Alajo da Kaneshie. Ambaliyar 3 ga Yunin 2015 da gobarar gidan mai a Circle sun ci rayuka sama da 150, kuma har yau kogin Odaw na cika ya tumbatsa.

Daga Kumasi, tafkin Bosomtwe ne, kimanin kilomita 30 kudu maso gabas. Daga Aboabo ko Asawase a kama hanyar Atonsu zuwa Kuntanase, a haura bakin kwarin, a gangara Abono da ke bakin tafkin. Tafkin yana cikin ramin da wani dutse daga sararin samaniya ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, shi ya sa ko ta ina ka zo sai ka gangara, ko ta ina za ka fita sai ka hau. A bar ƙarfi don hawan komawa. Hanyar da ke haɗa ƙauyukan bakin tafkin tana da wuraren da ke yankewa da damina, don haka kada a ɗauri niyyar zagaye shi duka sai an ji daga bakin mutanen Abono a ranar.

Keken kansa

Birki ne farko. Yashi da ruwa suna cin robar birki da sauri ƙwarai; robar da za ta yi wata shida da rani tana iya ƙarewa a gangare biyu na laka. A fita da sabuwa, a riƙe wata a jaka. Mai birkin faifai ya ciro takalman ya duba, in naman da ya rage bai kai milimita 1 ba ya canza. Birkin roba idan ya jiƙe ba ya kamawa nan take, sai taya ta juya sau biyu ko uku ya share ruwan, saboda haka a fara matsawa tun da nisa. A doguwar gangara a riƙa matsawa ana saki. Wanda ya riƙe birki ƙam tun daga sama, hannunsa zai gaji, ƙarfen kuma ya yi zafi.

Taya mai faɗin inci 2 zuwa 2.2 mai haƙora wara-wara ta fi mai haƙora a matse, don tana zubar da laka da kanta. Kada a sa taya mafi girman da keken zai ɗauka. A bar tazarar da ƙaramin yatsa zai shiga ta kowane gefe. Iska kuma: a kwalta PSI 35 zuwa 40 a ma'aunin famfo, a laka a rage zuwa 25 ko 28 don tayar ta baje ta kama ƙasa. Wanda ya rage fiye da haka da kaya a baya, dutse zai matse tub a jikin ƙarfe ya huda shi wuri biyu. Madigadi mai rufe taya duka yana da kyau a kwalta, amma a laka shi ne ke fara toshewa. Guntun na roba da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sirdi ya wadatar.

Sarƙa a sa mata man da aka yi don damina, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, a goge na waje da tsumma. Baƙin mai da wasu masu gyara ke shafawa yana tara yashi ne kawai, ya cinye haƙoran giya. A sa mai gyara ya buɗe cibiyar tayu da ta feda ya cika su da giris kafin tafiya, don nan ruwa ke shiga ya lalata boris.

Kayan gyaran da ba a bari a gida: tub biyu, faci da sholisho, famfo, ƙarafan ɓare taya, makullan alanki na 4 da 5 da 6, abin yanke sarƙa da gaɓar haɗi wadda ta dace da yawan giyarka, wayar birki ɗaya, tsohon buroshin haƙori, da tsumma. Faci ba ya kama jiƙaƙƙen tub, shi ya sa ake riƙe biyu: a canza a hanya, a yi facin a masauki. In kekenka na da ɗan ƙarfen nan da ke riƙe canjin giya na baya, ka nemi irinsa ka ajiye, domin kowane keke da nasa, kuma ba za a same shi a ƙauye ba.

Ɗaurin kaya

Kilo 8 zuwa 10 ya isa kwana biyu. Mai nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa a tsakiyar keke, mai sauƙi a gaba. In aka jibga komai a kariya, gaban keke zai riƙa ɗagawa a hawa. Jakar da aka ce ba ta shan ruwa ma a saka mata babbar leda mai kauri daga ciki, a murɗe bakin a lanƙwasa. Kaya kashi biyu ne: na hawa, waɗanda za su jiƙe ko da ruwa ko da gumi, da na kwana da salla, waɗanda ba a taɓa su sai an isa. Washegari a mayar da jiƙaƙƙun a jiki, ko da ba daɗi. Wanda ya sa busassun ya hau, daren biyu ba shi da abin sawa.

Rigar ruwa mai kauri ba ta da amfani a wannan zafi, gumi zai jiƙa ka daga ciki. A ɗauki marar nauyi, a sa ta lokacin tsayuwa da gangara, musamman a kan tudun Aburi inda iska ke kaɗa jiƙaƙƙen jiki har haƙora su haɗu. Auduga ba ta bushewa, a zaɓi rigar 'yan ƙwallo. Waya da abin cajinta da katin shaida su shiga leda biyu, a sauke taswira a waya tun daga gida. A riƙe kuɗi a hannu ƙanana-ƙanana, don MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba ya aiki inda babu sabis. Hular kwano da fitila gaba da baya dole ne, ko da rana, saboda direba ba ya ganin mai keke cikin ruwa.

Maganar tanti, a damina ɗakin haya mai araha ya fi. In dole sai an kwana a waje, a nemi izinin mai gari ko Sarkin Zango, a kafa a kan tudu nesa da rafi, ba a ƙarƙashin babbar bishiya ba, a kuma rataya gidan sauro.

Idan hadari ya riske ka

Da ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, ka nemi gini mai bango ko ka shiga mota, ka jingine keken nesa da kai. Rumfar kwano marar bango da gindin bishiya ba mafaka ba ne. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Rafi kuwa, in ruwan ja ne yana gudu kuma ya kai gwiwa, ba a shiga. In bai kai ba, a fara ƙetarawa da sanda ba tare da keke ba, a dawo a kwashe kaya, sannan a ɗauki keken a kafaɗa ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, don in ya kuɓuce kada ya tafi da kai. Ƙananan rafuka kan janye cikin awa biyu ko uku, jira ya fi. A rage tsayuwa cikin ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. Lambar gaggawa 112 ce, kuma a bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za a bi da lokacin da za a kira shi. Mutum biyu ko uku su tafi tare.

Sanyin hadari na sa a manta da ƙishirwa, alhali gumi bai daina ba. A sha aƙalla ledar ruwa ɗaya, wato rabin lita, kowace awa. In jiki ya fara murɗawa, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa in an samu a hanya, gari da sukari da gyaɗa a jaka don inda babu mai sayarwa. Zazzaɓin da ya taso mako ɗaya ko biyu bayan an dawo, a je a yi gwajin maleriya, kada a ce gajiyar hanya ce.

Da an isa masauki, kafin wanka, a ba keken minti 15. Bokiti ɗaya da buroshi sun isa. Injin wankin mota yana tura ruwa cikin boris, a guje shi. A wanke sarƙa da haƙoran giya, a goge su bushe, a sa mai, a duba robar birki a cire tsakuwar da ta maƙale a ciki, a bi taya da yatsa ko akwai ƙaya. In keken ya nutse a rafi, a zare sandar sirdi a kifa shi ruwan ciki ya tsiyaye. Takalmi a cusa masa tsohuwar jarida, a canza ta sau ɗaya kafin a kwanta.