Sabon zuwa Abuja, kada ka bari a cire maka "indomie" kafin a auna

Ɗan'uwa, in ka baro Maraɗi ko Damagaram ka sauka Abuja, Allah ya hore maka 'yar tsohuwar mota ta Beljiyam, akwai kalmar da za ka ji a gareji ta ɗaure maka kai: indomie. Ba taliyar yara ake nufi ba. Wata tukunya ce a jikin bututun salansa, cikinta huji-huji kamar saƙar zuma, ita ke tace hayaƙi ta rage gubar da ke cikinsa. An shafe cikin nata da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ko ta mutu tana da masu saye. Riƙe wannan a ranka.

In ta fara toshewa, a hawa za ka gane. Ka biyo hanyar Keffi, ka zo hawan tudun Kugbo a dawowa, ka taka totur har ƙasa, mota na nishi ba ta ja. Wani lokaci salansa na warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani in cikin ya farfashe. Fetur kuwa ya riƙa tafiya, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 kowace lita da zafinta.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da makanike ya ji ba ka iya Turancin kasuwa ba, sai ya ce a fasa a zubar da cikin, mota za ta ƙara gudu. Kada ka yarda tukuna. Ka ce a jona kwamfuta. Motocin da aka ƙera don Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jonawa ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0420 ko P0430 na nuna tacewar ta yi rauni, amma lalatacciyar sensar oksijin ko huji a salansa ma suna kawo ta. A kwance sensar oksijin da ke gaban tukunyar a ɗan zaga da motar. In ƙarfinta ya dawo, toshewa ce.

Sannan ka tambayi abin da ya kashe ta, don ba kasafai take mutuwa haka kawai ba. Fulogi ko koyil da ba ya ƙona mai daidai yana tura ɗanyen fetur cikinta, ya kama a can har ya narkar da ita. Injin da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto yana liƙe hujojin. In ba a gyara wannan ba, sabuwar ma haka za ta bi.

Sayen wata, ka je kasuwar makanikai ta Apo tare da ɗan gari wanda ya san wurin. Ka haska tocila a cikinta ka ga saƙar da idonka, ka girgiza ka ji ko tana ƙara. Ka tsaya a kan mai walda har ya gama, a gwada ko hayaƙi na fita ta wurin haɗin, don wannan hayaƙin in ya shigo cikin mota a cunkoson Nyanya yana iya sumar da mutum. Tsohuwar kuma taka ce, a saka maka ita a but kafin ka biya kuɗin aiki.