Sandar fatsa bayan gyara: kurakuran da na gaji da gani

Mu masu fatsar ƙwaro a Kano ba mu da yawa, shi ya sa duk wanda ya karya sanda sai labarin ya iso kunnena. Ina nufin fatsar nan da ake ɗaura wa ƙugiya gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta da nauyin igiya. Kukan kuma ɗaya ne: "Yaya, kamfani sun gyara min, amma ba ta jifa kamar da." In na ce yaya take jifa a da, sai a yi shiru.

Babban kuskuren ke nan: ba kwa auna sanda tana da lafiya. Hannu yana mantuwa, musamman in sanda ta yi watanni a hanya tsakanin Kano da Amurka ko Ingila. Ni ranar da sanda ta shigo gidana nake harhaɗa ta, in danne mariƙinta a kan tebur tana kwance sambal, in rataya 'yar leda a tsininta, in riƙa jefa ƙusa 'yar inci 3 ɗaya bayan ɗaya. Idan tsinin ya sunkuya kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, wato ƙafa 3 ga sanda mai ƙafa 9, sai in ƙirga ƙusoshin in rubuta a takarda, in cusa a kwanson sandar. Ta dawo daga gyara, in sake wannan awo da ƙusoshin nan dai. Bambancin ɗaya ko biyu bai dame ni ba. In ya yi yawa, ina da hujjar da zan tura wa kamfani da hoto.

Sandar nan gaɓa-gaɓa take, ana harhaɗa ta. Ku kuma daina zaton gaɓar da aka sauya za ta zama tagwai da wadda ta karye. Shimfiɗar zaren kabon ake naɗewa a jikin siririn ƙarfe, a gasa a tanda, a zare ƙarfen, a goge. Gashin bana da na shekara 5 baya ba lallai su zo daidai ba, balle in an daina ƙera irin sandar. Sau da yawa igiya ce ke warware matsalar. Tun 1961 lambar igiya tana bin nauyin ƙafa 30 na farkonta ne, don haka sandar da aka ƙera don igiya mai lamba 5, in ta dawo da ɗan tauri, gwada mata igiya mai lamba 6, wadda ta ɗan fi nauyi, kafin ka yanke mata hukunci.

Sai masu ƙyashin kuɗin kago. Kamfani ya ce a aiko sandar gaba ɗaya, kai kuma ka lissafa dala ka aika guntun da ya karye kaɗai. Haba, ƙanena! Wane tela ne zai ɗinka maka hannun riga bai ga rigar ba? A jikin tsohuwar gaɓa suke daidaita mahaɗar sabuwa. In su da kansu suka ce lambar da ke rubuce kusa da mariƙi ta wadatar, shi ke nan, amma kada ka yanke musu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne samfefa. Sabuwar gaɓa ta zo, ka haɗa, ka ga 'yar tazara a mahaɗa, sai ka ce ba ta shige ba. A sanduna da yawa da gangan aka bar wannan tazarar, don mahaɗa ta ci gaba da kamawa yayin da take cinyewa. Wani mai gyara a cikin gari, da na kai masa sandata don ya ɗaure ɗaya kawai daga cikin zobban da igiya ke bi ta ciki, ya ga tazarar ya goge ta "kyauta". Ta shige luf, gwanin sha'awa. A madatsar ruwa ta Tiga, da sanyin safiya, karfasa ce ma ba wani giwan ruwa ba ta ja igiya, na ji ƙas, bakin mahaɗar ya tsage a tsaye kamar tsawon ɗan yatsa. Mahaɗar da ta yi sako-sako lilo take yi a ciki, duk jifa tana cin bangon har ya fashe. Sandar nan ba ta sake shiga ruwa ba. Don Allah kada kowa ya kusanci mahaɗa da samfefa, ko sufa gulu, ko man inji. Kakin kyandir kaɗan nake shafawa, in tura gaɓar a ɗan karkace, in murɗa har zobba su yi layi.

Haka masu yanke tsinin da ya karye su manna zoben ƙarshe a kan ragowar. Za ta kama kifi, ban musa ba, amma inci 3 da ka rasa a tsini sun mayar da ita wata sanda daban, mai tauri, mai tsinke siririn zaren da ake ɗaura ƙugiya a bakinsa.

Sauran ƙanana ne. Ƙurar hunturu in ta shiga mahaɗa ita ma gugar take yi, a share da ƙyalle kafin a haɗa. Kada a bar sanda a mota cikin ranar Afrilu. Kada a ɗaga ta tsaye cak lokacin da kifi ya iso gaɓar ruwa, a nan tsini ya fi karyewa. A duba mahaɗa bayan kowane ɗan lokaci ana jifa. Kabon yana ɗaukar lantarki, a kiyayi wayoyin wuta, hadari kuma in ya taso a kwantar da sanda.

Kuma kada ka kwashi sandar da ta dawo jiya ka nufi Tiga ko madatsar Challawa ta Ƙaraye ba ka gwada ba. Nemi filin ƙwallon unguwarku da asuba, ka ɗaura ɗan ulu maimakon ƙugiya, ka yi jifa kusa da nesa kana kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas a mahaɗa, kwance ta a take, ka ɗauki hoto ka rubuta wa kamfanin.