Yadda ake yi wa motar daji alaimin bayan an ɗaga ta

Kuskuren farko da na sha gani shi ne a sa sabbin sifirin da ke ƙara wa mota tsayi da safe, a garzaya wurin alaimin da rana. Sifirin sai ya zauna tukuna. Ka yi tafiyar kilomita 200 ko 300 da ita, kuma ranar awo ka je da lodin da ka saba ɗauka: safaya, winci, tanki cike. Notocin bushi kuwa ba a ɗaure su mota tana kan jak. Sai ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage. Zancen daidaita iskar taya da canza boljoyin mai wasa kafin awo kuwa ba sai na faɗa ba.

Abu uku ake aunawa: kasta, da kamba (karkatar saman taya zuwa ciki ko waje), da "to" (tsukewa ko buɗewar gaban tayoyi), kuma kasta ne ɗagawa ke cinyewa. Shi ne jinginar da sandar juyawar taya ke yi zuwa baya, shi ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Ni nan na sha wuya. Na ɗaga tawa inci 2, allon kwamfutar alaimin ya nuna kore ko'ina, wato komai na cikin ma'aunin kamfani, na hau titi mota tana yawo kamar ta sha wani abu. Ashe kastan yana can ƙarshen ƙasa na abin da kamfani ya yarda da shi. Kore ba ya nufin daidai.

Ga mota irin Hilux ko Prado, mai hannuwan ƙarfe biyu, na sama da na ƙasa, da ke riƙe kowace tayar gaba, ka ce wa bakanike ya nemo maka kasta wajen digiri 3, kamba kuma kusa da sifili. Da kusoshin gyara na hannun ƙasa ake yi, kuma taɓa kasta yana motsa kamba, don haka sai an yi ta kai da komo. Idan kusoshin sun ƙure ba a kai ba, ka sayi hannun sama da aka ƙera don motar da aka ɗaga. Da tsada, amma bai kai kuɗin sabbin tayoyi huɗu ba. Ka shafa wa kusoshin giris, don in tsatsa ta kama su sai yanka. Kastan hagu da na dama kada su yi nisa da juna, mota tana ja ne zuwa ɓangaren da nasa ya gaza.

Mai aksil guda a gaba, kamar Land Cruiser 80 ko Patrol, ba ta da kusoshin nan. Bushi na musamman ko faranti ake sawa a juyo da aksil. Kar ka zaƙe, kasta in ya yi yawa farfelar gaba takan fara rawa. Ɗagawa tana kuma jan aksil gefe guda, sai da sandar Panhard (sandar da ke riƙe aksil kada ya goce gefe) mai gyaruwa yake komawa tsakiya.

Awon "to" shi ne na ƙarshe, kullum. Gaban tayoyin ya ɗan tsuke da milimita 1 zuwa 3. A miƙe sitiyari, in motar zamani ce a sake saita na'urar da ke karanta juyawarsa, ka karɓi takardar awon ka ajiye. Duk ranar da ka daki dutse da ƙarfi, ka koma a sake aunawa a gwada da takardar.