Yadda za ka yi maganar layi da jera abubuwa da Turanci ba tare da ka kwafsa ba

Kafin komai ka fara yanke shawarar wanne Turanci kake so ka riƙe, na Ingila ko na Amurka, don a maganar layi sun raba hanya sosai. Mutumin Ingila queue yake cewa, Ba'amurke kuma line, duk dai layin nan ne da mutane ke yi suna jiran a zo kansu. Line ta fi mana sauƙi tunda layi ɗin namu ma daga can aka aro shi, amma in kana karanta labaran BBC ko ka je Landan, Ostiraliya ko Indiya, queue ɗin za ka ta cin karo da ita, to gara ta zauna maka a kai.

Furucinta kawai "kiyu" ne, kamar kana kiran harafin Q, ba "kuwe" ba ba "kwewe" ba. Haruffa 5 ne da ita amma huɗun baya duk 'yan rakiya ne. Daga Faransanci ta shigo, can ma'anarta wutsiya, shi ya sa rubutun ya zo a murɗe haka. Ka haddace q-u-e-u-e, kada ka rubuta cue don wannan wata kalma ce daban mai nufin alama ko ishara, duk da furucinsu iri ɗaya ne sak.

To ga inda mutane da yawa ke zamewa, sai mutum ya ɗauki "bin layi" ya juya ta kai tsaye ya ce follow the line, Bature in ya ji haka zai zaci wani zane ne a ƙasa kake so ya bi. Shiga layi shi ne join the queue ko get in line, tsayuwa a ciki kana jira stand in line ko wait in line, in kuma ana so mutane su jeru sai a ce queue up ko line up. 'Yan New York su kam on line suke cewa maimakon in line, ba ruwanta da hawa intanet, in ka ji kada ka rikice amma ba sai ka kwaikwaya ba.

Ni a ganina haddace kalma ɗaya-ɗaya ba ya kai mutum ko'ina a nan, jimla sukutum ya kamata ka riƙe, saboda a layi ba ka da lokacin haɗa nahawu. Ka iso ba ka san inda ƙarshen yake ba, ka ce "Is this the end of the line?" ko ka tambayi mutum "Are you in the queue?" Za ka ɗan fita ka dawo, "Could you save my place?" Kana so ka bar wani ya wuce gabanka, "After you" ko "Go ahead" ta isa. Mai aiki a kanta in ya ce "Next, please" kai yake kira in kai ne a gaba, ka matsa kawai.

Mai tsallake layi fa? A Ingila jump the queue ko push in, a Amurka cut in line. In wani ya yi maka haka ba sai ka ɗaga murya ba, "Excuse me, there's a queue" ko "The line starts back there" sun wadatar, da ladabi amma saƙon ya kai. Sannan ka kula da turn, in an zo kanka "It's my turn" ake cewa, ba "It's my time" ba, wannan ta biyun tana iya fita da wata ma'ana mai nauyi kamar wa'adinka ne ya cika. Take turns shi ne yin abu bi da bi, wait your turn kuma ka jira a zo kanka, amma tana da ɗan kaushi, yara aka fi faɗa wa, kada ka jefa wa babba.

First come, first served wato wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama, served ce da d a ƙarshe ko da yake za ka ga masu rubutawa ba d. Waiting list jerin sunayen masu jira ne, single file kuwa mutum ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu jera kaya. Arrange da sort suna kama amma ba ɗaya ba ne. Arrange shi ne ka ajiye abubuwa yadda za su zauna daidai ko su yi kyau, kujeru, littattafai a kanta. Sort kuwa sai akwai ma'aunin da kake bi, kana rarrabewa ko jerawa bisa suna, girma, kwanan wata, kuma by ce ke biyo ta, sort by name, sort by date, sort by size, irin abin da kake gani kullum a wayarka in ka buɗe fayil. In aka ƙara mata out kuma ta koma sort out, galibi warware matsala ake nufi, "I'll sort it out" wato zan gyara lamarin. Ɗora abu kan abu stack ne in a tsare, pile in tari ne kawai aka jibge.

Order ita ce mai wahalar gaske don aikinta ya yi yawa, umarni ce, odar kaya ce, tsari ce. Put them in order shi ne ka jera su daki-daki. Alphabetical order bin haruffa daga A zuwa Z, numerical order bin lamba, chronological order bin lokaci daga abin da ya fara faruwa. Ascending hawa ne daga ƙarami zuwa babba, 1, 2, 3, descending gangarowa, 3, 2, 1. Amma in ka ga an liƙa out of order a jikin lifta ko na'urar cire kuɗi, ba wai an hargitsa jeri ba ne, ta lalace ne kada ka ɓata lokacinka. In order to kuma "domin" kawai take nufi, babu wani jeri a cikinta.

Row da column su ma suna rikita mutane. Row a kwance yake kamar sahu, column a tsaye daga sama zuwa ƙasa, in ka buɗe Excel lambobin gefe su ne row, haruffan sama A, B, C su ne column. Three days in a row kwana uku a jere, daidai yadda muke faɗa.

Wajen lambar matsayi 1st, 2nd, 3rd ne sannan sauran su ɗau th, sai ka kai 21st, 22nd, 23rd su dawo. Tarkon yana 11th, 12th da 13th, su th suke ɗauka, babu wani abu wai shi 11st ko 12nd. Last na ƙarshe ne, latest sabon fitowa, in ka ce wa marubuci his last book alhali latest kake nufi zai iya jin kamar ka yi masa ritaya.

In za ka jera takardu ko fayil bisa kwanan wata ka duba wa ya rubuta su, Amurkawa wata suke farawa da shi, 'yan Ingila rana, don haka 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne a Ingila 3 ga Afrilu. A sunan fayil ka fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-04-03, kwamfuta da kanta za ta jera maka su daidai in ka danna sort by name.