Yadda Za Ka Kauce wa Satar Fasaha a Kundin Digiri

Da farko, duk littafin da ka buɗe a laburaren Jami'ar Bayero, rubuta sunan marubucin, shekara da shafi nan take, kafin ka mayar da shi. Mantuwa na jefa ɗalibai da dama cikin wannan laifi.

Sai ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka fahimta, kamar kana yi wa ƙaninka bayani. Sauya kalma biyu ko uku ba ya wanke ka. Tunanin na mai shi ne, dole ka ambace shi, ko da daga Turanci ka fassaro, kuma nan ne na fi jin tsoro ga ɗalibanmu.

In kalmominsa ka kwafo, sa su cikin alamar zance.

Kafin ka kai wa malam, a duba maka da Turnitin, manhajar kwamfuta mai gano inda rubutunka ya yi kama da na wasu.